Ɗan ƙwallon da ya rataye takalmi don tarbiyyar matasa

A shekarar 2008 Chase Hilgenbrinck, ɗan bayan ƙungiyar New England Revolution ta Amurka, ya ajiye ƙwallo yana da shekara 26, ya shiga makarantar horar da limaman Katolika. An naɗa shi fada a 2014, daga baya ya koma kula da ɗalibai a Jami'ar Illinois. A yankinmu ma akwai Taribo West, wanda ya ci zinariyar Olamfik da Najeriya a 1996, ya buga wa Inter Milan, sannan ya zama fasto a Legas, ko da yake shi sai da ya gama wasa. Da yawa kan kira irin wannan mataki asara, alhali matasa sun fi cin moriyar mutumin bayan ya bar fili.

Duk wanda ya ratsa unguwar Albarika ta Parakou da la'asar zai ga yara ba takalmi, duwatsu biyu a matsayin raga, rigar gwanjo mai sunan wani tauraron Turai a baya. Burinsu buga wa ƙungiyar Buffles du Borgou ko Panthères ta Djougou, daga nan sai Faransa. Ƙalilan ne za su kai. Wasu su watsar da boko, wasu a sayar da gona a miƙa wa dillalin bogi kuɗin tafiya. Malamin aji ya yi ta faɗa, shiga ta nan fita ta can. Amma wanda ya taɓa sa hannu a kwantiragi, ya san yadda rauni ɗaya a gwiwa ke kashe sana'a, in ya ce a koyi ɗinki ko kanikanci, kunne suke kasawa.

Za a ce iyalin ɗan ƙwallon da ya ajiye wasa fa, da suka dogara da albashinsa? Hakkinsu na nan, dole ya shirya musu kafin ya sauka, sai dai ƙwallo ko ba a bar ta ba, wajen shekara 35 ita ke barin mutum. Damuwa mafi nauyi ta iyaye Musulmi ce, waɗanda su ne masu rinjaye a Djougou: in tsohon ɗan wasan da ya koma aikin coci ya zo horar da yara, kada ƙwallo ta zama tarkon sauya wa yaro addini. Tsoron yana bisa hanya, maganinsa kuwa a yi komai a fili. Mai horarwa ya bayyana tun farko cewa aikin coci yake, ya nemi yardar iyaye, ya saki yara in an kira salla. Ku kuma iyaye, ku taka zuwa filin da ƙafarku, ku ga wanda ke riƙe da usur kafin ku ba shi ɗanku.