Gidan wayan zamani: rajista ita ce gishirin aiki

Garin Adarbisinat yana bisa hanyar da ta taso daga Agadas ta bi ta Tanut zuwa Damagaram. A shekarar 2011 aka ɗaga shi ya zama cibiyar gunduma, aikin takardu kuma ya ƙaru. A da wasiƙa sai ta jira mota. Yau saƙon imel yana isa Yamai kafin shayi ya tafasa, in dai na'urar da ke karɓarsa tana tsaye da ƙafafunta.

Wannan na'ura masana suna ce mata uwar garke. Aikinta kamar na gidan waya ne: ɗaki guda, akwatuna da yawa. Na'ura ɗaya tana iya riƙe akwatunan likita, da na makaranta, da na ma'aikatar kiwo, ba sai kowa ya sayi tasa ba. Manhaja biyu suka yi suna wajen wannan aiki, kuma kyauta ake samunsu. Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, ita ke karɓa da aikawa. Dovecot, ta Timo Sirainen, wadda ta fito a 2002, ita ke buɗe wa mai akwati akwatinsa.

Amma dukansu biyu sai sun duba rajista: wane ne mai wannan suna, mene ne kalmarsa ta sirri? Hanyoyin ajiye rajistar uku ne. Ta farko, fayil guda na rubutu, wanda ya ishi ma'aikata kaɗan. Ta biyu, rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL, ga inda ake yawan shiga da fita. Ta uku, kundin LDAP, ga babbar ma'aikata mai son suna guda ya buɗe ƙofofi da yawa.

To, wace ce ta dace? Wadda ma'aikacin wurin zai iya gyarawa shi kaɗai. Rumbun bayanai yana da kyau, amma ranar da ya tsaya, Postfix ba ta gane kowa, wasiƙu kuma sai su yi ta jira. Na'urar mai aikowa takan sake gwadawa har kwana 4 ko 5, daga nan ta maida saƙo ga mai shi. Sanarwar rigakafin dabbobi da ta yi wannan jinkiri tana iya tarar da makiyaya sun yi nisa.

Saboda haka a girke uwar garke inda wuta ba ta yawan ɗaukewa, a kwafe rajista da wasiƙu kullum a ajiye wani wuri dabam, a kuma koyar da mutum biyu aikin, don kada canjin wurin aikin ɗaya ya rufe gidan. Daidai ruwa daidai tsaki.