Mai Komawa Kan Babur: Auna Ƙafarka Kafin Ka Auna Inji

A watan Fabrairu na 2015, bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, kuma cikin matakan da suka zo da ita har da hana hawa babur. Daga Gagamari da Shetimari har zuwa N'gigmi, ƴan kabu-kabu suka ajiye sana'a, manoman tattasai na bakin kogin Komadugu suka koma amalanke da tafiyar ƙasa. Wasu suka sayar da mashinansu, wasu suka jingine a zaure suka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Haka shekaru suka shuɗe.

Wanda ke shirin sake hawa a yau, ko don an sassauta a inda yake, ko don neman abinci ya kai shi Damagaram ko Maraɗi, yakan ce: "Ai ni tsohon hannu ne." Gaskiya ne hannu ba ya manta giya. Amma wanda yake da shekara 35 a 2015 yanzu ya haura 45. Idon ya rage gani da magariba, gwiwa ta fara ƙorafi, kuma saurin da ƙafa ke kai wa birki ba kamar da ba ne. Abin da bai ragu ba shi ne ƙarfin hali, kuma shi ke kai mutum shago ya nuna mashin ɗin da ya fi kowanne girma.

Lambar nan da ake rubutawa a jikin babur, 100, 110, 125, 150 ko 200, girman cikin inji take nunawa. Yadda ta ƙaru, haka ƙarfi ke ƙaruwa, haka nauyi, haka shan mai. Ƴan roba-roba masu 110 nauyinsu yana wajen kilo 100, ba su da kulocin hannu, kujerarsu ƙasa-ƙasa ce. Irin su Boxer, Kasea da Haojue masu 100 zuwa 125 sun ɗan fi su nauyi da juriyar kaya. Masu 150 sun fi ja. Sai dogayen nan na daji irin Yamaha DT da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke hawa, waɗanda ke burge samari, amma kujerarsu ta yi wa yawancin mutane tsawo.

A ganina, mafi yawan masu komawa bai kamata su wuce 125 ba. Dalilin yana cikin ƙasar da muke takawa.

Kwalta ɗaya ce tilo ta ratsa jiharmu, hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Maine-Sorowa da Gagamari ta shiga Diffa. Da ka sauka daga kanta, yashi ne ta arewa, laka ce ta kudu wajen kogi. A cikin yashi tayar gaba takan nutse ta karkace ba sallama, kuma abin da ke ceton mahayi shi ne ya dire ƙafa da sauri ya tokare mashin. Idan yatsun ƙafarka kawai ke taɓa ƙasa, babu abin da za ka tokare da shi. Kai da babur da buhun da ka ɗauro duk ƙasa za ku yi, kuma sau da yawa salansa mai zafi ce ke kwantawa a kan ƙwauri. A gonakin shinkafa da tattasai kuwa, musamman lokacin da Komadugu ta cika ta yi ambaliya kamar yadda ta yi a 2019 da 2022, inji mai ƙarfi ba ya taimako. Ɗan murɗa maƙura kaɗan, tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya ta zame gefe. Ƙaramin inji mai tashi a hankali ya fi yafe wa hannun da ya daɗe bai riƙe kan babur ba.

Saboda haka gwajin farko a shago ba na gudu ba ne. Hau, ka zauna sosai, ka ga ko tafin ƙafafunka biyu sun kwanta a ƙasa. Karkata mashin ɗin dama da hagu, ka ji ko za ka iya mayar da shi tsaye ba tare da nishi ba. Sauka ka tura shi baya. Ɗora shi a kan jaki kai kaɗai. Sannan ka tambayi kanka: in ya faɗi a bayan gari ba kowa kusa, zan iya ɗaga shi? In amsar a'a ce, ba naka ba ne, ko da mai shago ya rantse cewa kwana biyu za ka saba. Shi ciniki yake yi.

Akwai wanda 150 ta dace da shi: mai jiki, mai yawan zirga-zirga a kwalta tsakanin Diffa da Maine-Sorowa da kaya a baya. Ko shi ma ya fara aron ƙarami ya yi ƴan makonni a kai. Kuma ya sani cewa birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka sau 2, nisan da za ka ci kafin ka tsaya yakan ninka kusan sau 4. Mai tafiya kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin yatsansa ya taɓa birki. A ranar kasuwa, da jakuna da raƙuma da yara a gefen hanya, mita 17 ba wasa ba ce.

Wani abin da ke kayar da tsofaffin hannu shi ne sabon birki. Wanda ya saba da birkin gaba na waya, mai buƙatar a damƙe shi da ƙarfi, in ya hau mai faifai ya damƙe haka, tayar gaba takan kulle nan take. Jerin giya ma ba ɗaya ba ne: wani duk ƙasa ake takawa, wani ta farko ce kawai ƙasa, sauran sama. A gwada waɗannan a fili, ba a tsakiyar kasuwa ba, kuma ba da uwargida a baya ba.

Mai tsohon babur a zaure kuwa, kada ya ruɗu don ya tashi da bugu ɗaya. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin yankin nan kuma yana tsattsage roba. A gefen taya da yawa akwai lamba 4 da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2314, mako na 23 ne na 2014, a cire ta. A sake wayar birki da ta kuloci, a wanke tanki da kafireto, a zuba sabon baƙin mai, a duba sarƙa.

Batun aljihu a bayyane yake. Ko da yake a Agadem, cikin jiharmu, ake haƙo ɗanyen man da matatar SORAZ ke tacewa a Damagaram, mahayin ƙauye ya daɗe yana dogara da kwalbar ƴan ruwa-ruwa masu sayar da man Najeriya a bakin hanya, ita kuwa ta daina arha tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Babban inji kullum sai ya ci rabonsa. Kuma a sayi irin da bakanike na kusa ya sani, wanda ake samun kayan gyaransa a kasuwar Diffa.

A cikin kuɗin da aka ware, a cire na hular kwano tun farko, guda biyu in za a riƙa ɗaukar wani, masu igiyar da ake ɗaurewa a haɓa. Raunin kai da ya fi ƙarfin asibitin Diffa, Damagaram zai nufa, tafiyar fiye da kilomita 400.

Kafin a biya ko dala, a je wajen ƴan sanda ko jandarma ko ofishin magajin gari a tambayi inda aka yarda a hau da kuma lokutan da aka yarda, domin matakan tsaro a yankin nan suna sauyawa daga gari zuwa gari. A karɓi rasidin saye mai lambar inji da ta jiki, a yi takardun mallaka da inshora da lasisin tuƙi, a riƙa yawo da su a aljihu. A shingen bincike, su za a fara tambaya.