AMSOSHIN TAKARDUNKU: DA GASKE NE IBRO YA YI AIKIN GANDIROBA?

Takardarmu ta farko a wannan mako ta fito ne daga Sule Tankarkar, daga wani dattijo manomi wanda kuma yakan kai awaki kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokan cinikinsa: wasu sun ce marigayi Ibro gandiroba ne, wasu sun ce ina, ɗaure shi dai aka taɓa yi. Sa'an nan ya ƙara da cewa ɗansa ya tubure sai ya bar gona ya tafi Kano ya zama ɗan fim, kuma da Ibro yake kafa hujja.

To, Malam, mun gode da wannan takarda. Ka gaya wa abokan naka su daina musu, domin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Sunansa na yanka Rabilu Musa. An haife shi a 1971 a garin Ɗanlasan, can wajen Wudil a Jihar Kano. A nan ya yi firamare, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Mu da muka bi ta irin wannan makaranta mun san ba a rasa wani shaƙiyyi a kowane aji mai kwaikwayon muryar malamai, amma ba kowa ne yake mayar da abin sana'a ba. Shi bai tsaya ga alli da allo ba. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya yi kamar shekara 8 yana sanye da kaki kafin ya ajiye ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya.

Lokacin ya zo masa daidai. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a Kano, kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe. Yawancin 'yan wasa suka karkata ga soyayya da rawa irin ta Indiya. Ibro ya ɗauki wata hanya daban: shi ne baƙauyen da ya shigo birni, ga wauta ga wayo, a cuce shi yau ya rama gobe. Abin da ya sa mutanen karkara suka riƙe shi ke nan, don kowa ya san wani Ibro a garinsu. Kuma duk abin da duniya take magana a kai sai ya mayar da shi abin dariya. Da mawaƙin Kwango Awilo Longomba ya yi tashe, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin da aka kai Amurka a 2001, sai ga Ibro Usama a 2002.

Batun ɗauri kuwa, shi ma haka ne. A 2008, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko, bisa zargin rashin yi wa kamfani rajista da kuma rawar da aka ce ba ta dace ba. Ka ji ikon Allah: mai tsaron fursuna jiya ya wayi gari a cikin fursunoni. Ya fito ya ci gaba da sana'arsa har Allah ya karɓi ransa ran Laraba 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda. Aka yi masa sutura a Ɗanlasan. Allah ya jiƙansa.

Yanzu sai maganar yaro. Ni dai a ganina hujjar tasa ba ta tsaya ba. Ibro bai je Kano hannu rabbana ba. Da karatunsa da albashinsa ya fara, sai da ya ga wasan ya kama sa'an nan ya saki aikin gwamnati. Kuma kasuwar da ta ɗaga shi ta watse. A da, mai shirya fim yakan kai kayansa wajen dillalan kaset na Ƙofar Wambai, su rarraba har Gumel da Damagaram. Satar fasaha da tura fim a waya sun kashe wannan ciniki, yau sai dogaro da YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda sabon shiga yakan daɗe yana fitowa a bayan wasu kafin a san sunansa.

Kada ka yi masa baki, Malam, kada kuma ka sayar da akuya ka ba shi kuɗin mota. Ka bari a gama yankan gero da ɗaurin riɗi. Da rani ya tara 'yan'uwansa su shirya ɗan wasa a dandali, su ɗauka da waya. In mutanen Sule Tankarkar sun yi dariya har sun nemi ƙari, ka sake rubuto mana.

Takarda ta gaba daga Gagarawa take, a kan farashin taki.