Halin Sarƙar Polima A Cikin Matsattsiyar Magudana

Yauƙin miyar kuɓewa da danƙon ƙaro da ƙarfin zaren auduga duk asalinsu ɗaya ne, watau dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin sinadari, waɗanda masana ke kira polima. A shekarar 1920 ne Hermann Staudinger, wani masani Bajamushe, ya kawo wannan bayani, aka yi ta musu da shi shekara da shekaru, kafin a ba shi lambar Nobel a 1953. Abin da za a duba a nan shi ne yadda irin wannan sarƙa take yi idan ruwa ya ɗauko ta ya nufi wata magudana wadda faɗinta bai wuce nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin kashi miliyan na milimita, silin gashin mutum ma kaurinsa ya kai nanomita dubu 50 ko fiye.

Da farko ya kamata a san cewa sarƙar polima ba ta zama a miƙe cikin ruwa. Ƙwayoyin ruwa ba sa daina kai mata bugu ta kowace fuska saboda zafin da ke jikinsu, don haka sai ta cukurkuɗe ta zama curi, kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Alal misali, DNA na wata ƙwayar cuta mai kama bakteriya, wadda ake kira lamda, tsawonsa ya kai mikiromita 16 idan an miƙe shi, kaurinsa kuwa nanomita 2 kacal. Amma in an sake shi a ruwa sai ya dunƙule, faɗin curin bai fi mikiromita 1 zuwa 2 ba.

To, a nan ne batun yake. Zaren da kaurinsa nanomita 2 ne ba zai rasa wurin wucewa a magudana mai nanomita 100 ba, amma duk da haka sai ya tsaya a bakinta ya ƙi shiga. Dalili kuwa shi ne, a fili yana da hanyoyin naɗewa da ba su ƙidayuwa, a cikin magudana kuwa kaɗan ne suka rage masa. Tun da yake bugun ruwa ba ya zaɓe, kusan kullum sai ya mayar da zaren wurin da hanyoyi suka fi yawa. Wanda duk yake son ya shigar da shi, lalle ne ya biya da ƙarfi, ko na turin ruwa ko na lantarki.

Nawa ne wannan ƙarfi? Masanan Faransa na makarantar Pierre-Gilles de Gennes, musamman Françoise Brochard da abokin aikinta Daoudi a 1978, sun yi lissafin abin, amsar da suka samu kuwa ta saɓa wa zato. Ruwan da ya doshi bakin ƙaramar kafa yana ƙara sauri yayin da yake matsowa, saboda haka gefen curin da ke kusa da kafar ya fi na baya jin ja, sai ya warware ya zura kai. Da zarar yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya ya kai wani ƙadari, sarƙar za ta shige. Bisa lissafinsu, zafin ruwan da kaurinsa ne suke yanke wannan ƙadari, tsawon sarƙar ba ya ciki. Watau doguwa da gajeruwa a ƙarfin gudu ɗaya suke shiga, muddin dai sarƙar ba ta da rassa. Mai rassa, irin ta ƙaro, hukuncinta dabam ne, domin ba ta da kai guda da za ta zura sauran jiki ya bi.

Bayan ta shiga, faɗin magudanar ne yake tsara mata zama. Idan akwai ɗan sarari, sai ta kasu ƙananan curi a jere kamar ƙwayoyin carbi, kowanne daidai faɗin magudanar, kamar yadda Daoud da de Gennes suka bayyana a 1977. Amma shi DNA yana da tauri, ba ya lanƙwasa da sauƙi a tsayin da bai kai nanomita 50 ba. Idan magudana ta fi haka ƙunci, juyawa baya takan yi masa wuya ƙwarai, sai ya miƙe yana karo da wannan bango yana komawa wancan. Theo Odijk na ƙasar Holan ne ya fayyace wannan hali a 1983.

Wani abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, karin maganar babba juji ne ba ta aiki a nan, domin sau da yawa babba ne yake riga ƙarami isa. A shekarar 2000 Han da Craighead na Jami'ar Cornell a Amurka sun sassaƙa magudana mai wurare masu zurfi da matsattsu bi da bi, suka kora DNA da lantarki. Dogayen ne suka fara fita, domin babban curi ya fi taɓa bakin matsatsi, ya kuma fi saurin samun lanƙwasar da za ta faɗa ciki ta jawo saura. A tsohuwar hanyar tacewa da kakkauran jeli kuwa, gajeru ne kan gaba.

Amfanin wannan duka ya fi bayyana a wajen karatun gadon halitta. Zare a cukurkuɗe ba ya karantuwa. A 2012 aka nuna cewa idan an sa wa DNA alamu masu haske a wuraren da wasu haruffa suka maimaitu, aka kora shi cikin magudanu masu faɗin nanomita 45, yakan miƙe kusan dukan tsawonsa, har a ɗauki hotonsa a auna tazarar da ke tsakanin alamun. Da haka ake gane inda wani babban yanki ya ɓace, ko ya ninku, ko ya koma wani wuri, abin da na'urorin da ke karanta guntaye sukan tsallake. Yanzu wasu ɗakunan gwaji suna amfani da wannan dabara wajen binciken sankarar jini da wata cutar gado mai shanye naman fuska da kafaɗa.