Mu Koya wa Yara Riƙon Kuɗi da Ƙaramar Sana'a

A ƙauyukan Sarkin Yamma, cikin ƙasar Madarumfa, yaro yakan fara taɓa kuɗi tun bai shiga makaranta ba. Ana aikensa sayen gishiri ko ashana, yarinya kuma a ɗora mata talla. Sau da yawa yaron ya dawo da canji bai cika ba, a yi masa faɗa, alhali ba wanda ya zauna ya koya masa. Mu da muka koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci muna iya yin wannan aiki a gida.

Mu fara da dala. Abin da ke ruɗa yara, har da manya, shi ne abin da aka rubuta a jikin kuɗi ya bambanta da abin da baki ke faɗi. Ƙwandalar da aka rubuta wa 100, dala 20 muke kiranta. Wadda aka rubuta wa 50, dala 10 ce. Takardar 1000 kuwa ita ce jika, wato dala 200. Dalili shi ne dala ɗaya tamma 5 ce. Mu baza kuɗin a tabarma da marece, yaro ya zama mai saye, mu zama masu sayarwa, sa'annan a juya. Tun da muna kusa da iyakar Nijeriya, mu nuna masa naira ma, mu gaya masa canjinta yana hawa yana sauka, kada ya karɓa sai ya tambayi babba.

Abu mafi wuya shi ne raba uwar kuɗi da riba. A nan ne jarin manya da yawa ya karye. Ga misali. An sayo gujiya ta dala 100, an kashe dala 10 wajen gishiri da icen suya. An ƙulla ƙulli 14, kowane dala 10. In an sayar duka, an samu dala 140. Yaro zai ɗauka duk nasa ne. Mu sa shi ya ware dala 110 da hannunsa, ya ajiye gefe, domin da su za a sayo kayan gobe. Dala 30 da ta rage ita kaɗai ce riba. Ya rubuta a littafi: abin da ya fita, abin da ya shigo. Bashi ma a rubuta, da sunan mai shi.

A ganinmu, kiwo ya fi talla koya wa yaro haƙuri. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke ba yaro kaza, ko su yanka wa saurayi gamana a gefen gandu. Kaza tana kwanci kwana 21. In ƴan tsaki sun girma aka sayar, ana iya tarawa a sayi jar akuya irin ta Maraɗi, wadda ke haihuwa bayan ciki na wata 5, sau da yawa tagwaye. Sai dai a yi wa kajin rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba ke share su. Mai lambu a fadamar gulbi kuma yana iya bar wa ɗansa ƴan itatuwan zogala, ya yi ban ruwa, ya ci kuɗin ganyen.

Ajiya fa? Asusun ƙasa ya isa. Uwar da ke cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, tana iya tafiya da ɗiyarta ranar zubi, ta ga yadda ake ƙirga kuɗi a gaban kowa.

Ba mu yarda sana'a ta hana yaro makaranta ba, ko ta boko ko ta allo. Talla a yi ta bayan an tashi, cikin unguwa, ba tasha ba, kuma yarinya ta dawo gida kafin magariba. A rufe abinci saboda ƙuda da ƙura, domin su ke kawo zawo. Kuɗi yana bin hannuwa da yawa: yaro kada ya sa shi a baki, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abin sayarwa.