Itatuwa da Ganyaye Masu Rage Tsutsar Ciki a Jikin Tumaki da Awaki

Kusan kowane gida a ƙauyukanmu yana da 'yar akuya ko tunkiya, kuma sau da dama ita ce ake sayarwa a biya kuɗin makaranta. To, babu abin da ke cinye wannan dukiya a ɓoye kamar tsutsar ciki. Mafi muni a cikinsu ita ce wadda masana ke kira Haemonchus contortus. Tsawonta bai wuce santimita 3 ba. Tana maƙale ne a sashe na huɗu na tumbin dabba tana shan jini, kuma mace ɗaya takan zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana guda. Ƙwan yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, cikin kamar mako ɗaya 'ya'yan su hau ciyawa suna jiran mai kiwo. Shi ya sa ɓarnar ta fi yawa da damina. Dabbar takan rame, cikin fatar idonta ya yi fari, wani lokaci ƙarƙashin haɓarta ya kumbura.

Magungunan ɗura na kanti sun yi aiki ƙwarai da farko. An fito da thiabendazole a 1961, amma kafin 1964 ta wuce an riga an sami tsutsar da ba ta jinsa a Amurka. Monepantel ya fito a 2009, a 2013 aka ba da rahoton irin wannan a New Zealand. Dalilin ba wuya: duk ɗurar da aka yi, 'yan tsutsotsi masu juriya suna tsira, su ne kuma suke haifar na gaba. Wannan ne ya sa masu bincike suka koma duba itatuwa.

Sinadarin da aka fi bincika shi ne tanin. Duk wanda ya taɓa cizon ɗanyar kanya ya san shi, shi ne baurin nan mai ɗaure baki. Shi ne kuma ke cikin bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita. Halinsa shi ne kama furotin ya riƙe. A cikin dabba wannan yana da amfani ta hanya biyu. 'Yar tsutsar da aka haɗiye tana sanye da wata riga siririya, sai ta tuɓe ta kafin ta iya kafuwa a tumbi. Tanin yana hana wannan tuɓewa, yana kuma rage ƙwan da manyan ke zubawa. Na biyu, yana kare furotin na abinci daga lalacewa a tumbin farko, ya wuce gaba inda jiki zai amfana da shi, dabbar ta sami ƙarfin mayar da jinin da ta rasa. A kudancin Amurka ana shuka wata ciyawa mai suna sericea lespedeza saboda haka, a Faransa kuwa sainfoin. Sai dai fa idan tanin ya yi yawa a abinci, dabba takan rage ci, narkewar ma ta yi rauni. Awaki sun fi tumaki jure shi, da yake su tun asali masu tsinkar ganyen itace ne.

Akwai kuma farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita idan an yagi ɗanyar gwanda. Yana ɗauke da papain, wanda ke narkar da furotin, shi ya sa wasu mata ke sa ganyen gwanda su tausasa nama. Gwaji ya nuna irin wannan sinadari yana cin fatar tsutsa.

A nan gida, makiyaya sun daɗe suna jiƙa ɓawon maɗaci su ɗura wa dabbobi. A 2004 masu bincike a Jami'ar Ibadan sun gwada abin da suka tace daga ɓawon a kan tumaki, suka ga ƙwan tsutsa ya ragu a kashinsu. Darbejiya kuwa, duk da sunan da ta yi, sakamakonta bai daidaita ba: wani gwaji ya ga amfani, wani bai ga komai ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙarfin sinadari yana canzawa bisa ga ƙasar da itacen ya tsiro, da lokacin da aka tsinka, da yadda aka shanya. Ɗaci kaɗai ba ya nuna magani. Ganyen rogo ma yana da tanin, amma ɗanyensa yana da guba, sai an shanya shi sosai kafin a ba dabba.

A ganina wurin da ya dace da waɗannan itatuwa shi ne abincin yau da kullum, don su rage yawan tsutsa, a kuma haɗa da canza wurin kiwo da share turke. Ga dabbar da jininta ya riga ya ƙare kuwa, jiƙo ba zai cece ta ba, sai maganin likitan dabbobi. A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani kati mai launi biyar, FAMACHA, wanda ake gwadawa da cikin fatar idon dabba, daga ja sosai zuwa fari fat. Ɗaliban da ke kula da garken makaranta za su iya koyon wannan dubawa: a yi ta duk bayan mako biyu da damina, a ware masu farin ido a yi musu ɗura, a bar masu jan ido.