Abin Da Jini Ke Faɗa Kafin Hanta Ta Yi Ƙara

Yau a kan kansar hanta za mu tsaya.

Hanta gaɓa ce mai haƙuri, kuma haƙurin nata ne ke cutar da mu. Ƙari na iya girma a cikinta wata da watanni, mutum na zuwa gona, yana zuwa kasuwa, ba ya jin komai. Sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, jiki ya rame, a ce shawara ce, a nemo jiƙo. Kafin a isa asibiti, sau da yawa lokacin tiyata ya wuce. A ƙasashenmu kuma cutar ba ta jiran tsufa, magidanta 'yan shekara 40 da 'yan kai take ɗauka, masu ƙananan yara a gida.

Shi ya sa likitoci suka koma ga jini. Akwai wani furotin da ake kira AFP, wanda jariri ke samarwa tun yana ciki, bayan haihuwa sai ya ragu ƙwarai. A 1963 masanin Tarayyar Sobiyet Garri Abelev ya ga ya sake bayyana a jinin ɓerayen da ke da kansar hanta, a 1964 kuma Yuri Tatarinov ya same shi a jikin mutane. Har yau shi ne gwajin da aka fi yi.

Amma AFP shaida ne da ba a yanke hukunci da bakinsa kaɗai. Yakan hau a jinin mai juna biyu, yakan hau idan ciwon hanta ya motsa ba tare da kansa ba. Abin da ya fi tayar da hankali, ƙari da yawa, musamman ƙanana waɗanda su ake so a kama, ba sa ɗaga shi ko kaɗan. A Japan an daɗe ana haɗa shi da wasu alamomi biyu, AFP-L3 da DCP. A Ingila kuma masana sun haɗa ukun da shekarun mutum da jinsinsa, suka fitar da ma'aunin GALAD, wanda ya fi AFP shi kaɗai gano cutar da wuri.

Wani binciken ya shafe mu kai tsaye. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu na ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke barin tabo a ƙwayar halittar TP53. A Gambiya masu bincike sun gano wannan tabon a cikin jinin masu kansar hanta. Bai zama gwajin yau da kullum ba tukuna, amma hanya ta buɗe.

To su wa ya kamata su yi gwaji? Masu hantar da ta ƙeƙashe, da masu ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B waɗanda likita ya ga suna cikin haɗari: jini da hoton ciki, duk wata 6, ko da suna jin garau. A nan ne gizo ke saƙa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin manya 100 a Najeriya na ɗauke da nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Wanda bai san yana da ita ba, ba zai je awon wata 6 ba. Gwajin nau'in B kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, kuma cikin mintoci sakamako ke fitowa.